Tarihin Gyare-gyaren Takarda a Kwamfuta da Matsalar Cikar Rumbu: Darasi daga Masana'antun Kano

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce, "Ajiya maganin wata rana." Haka kuma sukan ce, "In dambu ya yi yawa ba ya jin mai." Waɗannan karin magana guda biyu sun tattara abin da wannan babi zai yi bayani a kansa, wato dabarar da kwamfuta ke bi ta adana kowane gyara da aka yi wa takarda ba tare da an umarce ta ba, da kuma yadda wannan ajiya kan taru har ta cinye wurin da aka tanada domin sauran ayyuka. Za a fara da bayanin keɓaɓɓun kalmomi, sannan a duba asalin dabarar da yadda take aiki. Daga nan za a ɗauki ofisoshin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano a matsayin misali, a ƙarshe kuma a nuna abin da ya shafi malami a makaranta. Manufar babin ita ce ɗalibi ya fahimci cewa kwamfuta ta iya ajiya, amma ba ta san darajar abin da ta ajiye ba. Saboda haka tantance abin da za a riƙe da tsawon lokacin riƙe shi nauyi ne da ke wuyan mai amfani da ita.

1.1 Ma'anar Keɓaɓɓun Kalmomi

Fayil shi ne duk wani rubutu ko jadawali ko hoto ko zane da aka adana a kwamfuta a ƙarƙashin suna ɗaya.

Rumbu shi ne faifan da ke cikin kwamfuta, ko wanda ake jona mata daga waje, inda fayiloli ke zama ko da an kashe na'urar. An aro kalmar ce daga rumbun hatsi, domin dukkansu biyu suna da iyakar abin da za su ɗauka. Akwai kuma rumbun intanet, wato wurin ajiya da kamfanoni irin su Google da Microsoft ke bayarwa a kan nasu manyan kwamfutocin.

Zubi shi ne kamannin fayil a wani lokaci na musamman. Idan akawu ya rubuta wasiƙa da safe, ya gyara ta da azahar, ya sake gyara ta da la'asar, to wasiƙar ta sami zubi uku. Jerin waɗannan zubi, daga na farko zuwa na ƙarshe, shi ake kira tarihin gyare-gyare.

Bayit shi ne ma'aunin girman fayil. Kimanin bayit 1,000 ne kilobayit 1, kilobayit 1,000 ne megabayit 1, megabayit 1,000 kuma gigabayit 1. A tsarin rubutu na UTF-8, wanda shi ne ya fi yaɗuwa a intanet, harafi irin su b da d da k yana ɗaukar bayit 1, amma haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, kowanne yana ɗaukar bayit 2. Duk da haka zallar rubutun shafi guda na Hausa ba ya wuce 'yan kilobayit kaɗan.

2.0 Asalin Dabarar

Almajiri kan rubuta karatunsa a allo, in ya hardace ya wanke, ya rubuta na gaba. Allonsa ba ya cika, amma kuma ba shi da hanyar komawa ga rubutun jiya. Asalin ajiyar fayil a yawancin kwamfutoci haka take: sabon zubi ya hau kan tsohon ya shafe shi. Wanda ya goge wani sakin layi bisa kuskure, ya kuma adana, to ya rasa shi ke nan.

Masu rubuta manhajar kwamfuta ne suka fara neman maganin wannan matsala. A shekarar 1972 Marc Rochkind na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka ya ƙirƙiro tsarin SCCS domin riƙe tarihin gyare-gyaren manhaja. A 1982 Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fito da RCS, a 2005 kuma Linus Torvalds ya samar da Git. Waɗannan duk kayan aikin ƙwararru ne, kuma mutum ne ke cewa a ɗauki zubi a lokacin da ya ga dama.

Daga baya dabarar ta sauko ga jama'a, ta kuma koma mai aiki da kanta. Kamfanin Apple ya fito da Time Machine a 2007, sannan a 2011 ya ƙara tsarin Versions a manhajar Mac OS X Lion. Kamfanin Microsoft ya sanya hanyar komawa ga tsohon zubi a Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a farkon 2007, ya kuma fito da File History a Windows 8 a 2012. Rumbunan intanet irin su OneDrive da Google Drive da Dropbox su ma kowanne yana riƙe tarihin fayilolin da aka ɗora masa.

3.0 Yadda Ajiyar Ke Gudana

Akwai manyan hanyoyi biyu na adana zubi. Ta farko ita ce a kwafe fayil ɗin gaba ɗaya duk lokacin da ya canza, ko da waƙafi ɗaya aka ƙara. File History haka yake yi: yakan ajiye cikakken kwafi, ya liƙa masa kwanan wata da lokaci a jikin sunansa. Ta biyu ita ce a adana bambanci kawai, wato sashen da ya canza. Wannan hanya ta fi tattali, kuma ta fi dacewa da zallar rubutu. A kan hotuna da zane-zane da fayilolin da aka matse, amfaninta yakan ragu, domin ƙaramin gyara na iya sauya babban sashe na fayil ɗin. Tun daga Office 2007, fayilolin Word da Excel matsattsu ne.

Kowane tsari yana zuwa da ƙa'idar da kamfani ya saita masa, kuma mafi yawan mutane ba sa taɓa ta:

(a) File History yana duba fayiloli kowace awa, kuma yana riƙe zubin har abada, sai idan an canza masa umarni. Yakan yi ajiyarsa ne a faifan waje ko a wata kwamfuta ta ofis.

(b) Time Machine yana riƙe zubin kowace awa na awa 24 da suka wuce, da na kowace rana na wata guda, da na kowane mako na watannin baya. In faifan ya cika sai ya fara share mafi tsufa.

(c) Versions na Apple yana ajiyarsa a wata ɓoyayyiyar jaka mai suna .DocumentRevisions-V100 a cikin rumbun kwamfutar kanta.

(d) SharePoint da OneDrive na kamfanoni sun daɗe a kan riƙe zubi 500 na kowane fayil, kuma ana lissafa su cikin kason wurin da aka biya kuɗinsa. A 2024 Microsoft ya fito da zaɓin rage tsofaffin zubi gwargwadon daɗewarsu.

(e) Google Drive yana riƙe tsohon zubin fayil da aka ɗora masa na kwana 30, ko zubi 100, sai dai idan an yi wa wani zubi alamar a riƙe shi dindindin.

Daga wannan jeri za a gane cewa abubuwa uku ne ke sa tarihin gyare-gyare ya kumbura: girman fayil, da yawan ɗaukar zubi, da tsawon lokacin riƙewa. Wurin da za a ci shi ne sakamakon ninka waɗannan ukun.

4.0 Misali daga Masana'antun Kano

Bompai ita ce mafi tsufa a cikin unguwannin masana'antu na Kano, domin tun zamanin mulkin mallaka aka kafa ta. Sharaɗa ta biyo baya, an kuma kasa ta kashi uku. Challawa tana ƙaramar hukumar Kumbotso, kusa da kogin da ta sami sunanta daga gare shi, kuma ta yi suna da kamfanonin jima. A waɗannan unguwanni ana sarrafa fata da roba da leda da katifa da sabulu da alawa da man girki da sauransu. Kowane kamfani yana da ofis, kuma a yau lissafin sito da albashi da rasit da odar 'yan kasuwa duk sun koma kwamfuta.

Akwai dalilin da ya sa waɗannan ofisoshi ke bukatar ajiya mai aiki da kanta fiye da takwarorinsu na ƙasashen da aka ƙirƙiro manhajojin. Ɗauke wuta tsohuwar matsala ce ga masana'antun Kano, tun zamanin NEPA, wadda ta koma PHCN a 2005, har zuwa bayan miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu a watan Nuwamban 2013. Tsakanin ɗaukewar wuta da tashin inji, kwamfutar tebur da ba ta da batirin ko-ta-kwana mutuwa take yi, aikin da ba a adana ba kuma ya salwanta. Wanda ya taɓa yin irin wannan asara yakan so kwamfuta ta riƙa adanawa a kai a kai. Wannan hikima ce, sai dai tana da tsada da ba a gani nan take.

A ƙaddara akwai wani kamfanin jima a Challawa mai jadawalin Excel da ake shigar da yawan fatun da aka saya, da matsayinsu, da sinadaran da aka fitar daga sito. A ce girman jadawalin megabayit 20 ne, ana kuma taɓa shi kowace awa, awa 8 a rana, kwana 26 a wata. Idan ana kwafe shi gaba ɗaya kowace awa, lissafin zai kasance kamar haka:

8 × 26 = zubi 208 a wata
208 × 20 = megabayit 4,160 a wata
4,160 × 12 = megabayit 49,920 a shekara

Wato fayil ɗaya mai megabayit 20 ya haifi tarihi mai kusan gigabayit 50 a shekara guda. Akawun da ya duba jakarsa zai ga fayil ɗaya ne tak, ƙarami, alhali faifan ajiyar yana ta cika. Da yayyafi kogi kan cika.

A sake ƙaddara wani kamfanin alawa a Bompai, ko na leda a Sharaɗa, mai sashen zane inda ake tsara hoton da za a buga a jikin kwali ko leda. Irin wannan fayil yana iya kai megabayit 300. Idan rumbun intanet na kamfanin ya riƙe zubi 500, zane ɗaya zai ci megabayit 150,000, wato gigabayit 150. Wannan ya haura rabin rumbun ƙaramar kwamfuta mai gigabayit 256.

Idan aka kwatanta da wasiƙa mai kilobayit 100, zubi 500 nata ba su wuce megabayit 50 ba. Abin lura a nan shi ne rubutu ba shi ne ke cika rumbu ba. Hotuna, da takardun da aka ɗauki hotonsu da na'ura, da zane-zane, da manyan jadawalai su ne tushen matsalar. Mai neman magani sai ya fara da su.

5.0 Illolin Cikar Rumbu

Illa ta farko ita ce tsayawar aiki. Kwamfutar da rumbunta ya cika takan yi nauyi, takan ƙi adana sabon aiki, takan kuma kasa karɓar gyare-gyaren tsaro. Idan hakan ya faɗo a ƙarshen wata, lokacin shirya albashi, ɗaruruwan ma'aikata na iya jira saboda fayil ɗaya.

Ta biyu ita ce kashe kuɗi. Kason da Google ke bayarwa kyauta gigabayit 15 ne, kuma Gmail da Drive da hotuna duk suna ci daga ciki. In ya cika, saƙon imel ba ya shiga ba ya fita. OneDrive na kyauta gigabayit 5 ne. Ƙarin wuri sai an biya, ɗora fayiloli kuma yana cin kuɗin data.

Ta uku ita ce tonuwar asiri. Tsohon zubi yana ɗauke da abin da aka goge, kamar farashin da aka fara yi wa wani ɗan kasuwa kafin a canza, ko lambar asusun ma'aikacin da ya bar aiki. A Google Docs, duk wanda aka ba izinin gyara takarda yana iya buɗe tarihinta. A 2003 gwamnatin Birtaniya ta saki wani rahoto a kan Iraƙi a fayil ɗin Word, masu bincike kuma suka gano sunayen waɗanda suka taɓa shi daga bayanan da ke ɓoye a cikinsa. A Nijeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shimfiɗa ƙa'idar kada a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake bukatarsu.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran haɗari, ita ce sakankancewa. Mutum kan ɗauka cewa tun da akwai tarihin gyare-gyare, to yana da ajiyar ko-ta-kwana. Idan zubin duk suna cikin rumbu ɗaya da asalin fayil, ranar da rumbun ya lalace ko aka sace kwamfutar, tare za su tafi. Gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta nuna yadda dukiyar da aka tara wuri ɗaya kan tafi cikin dare guda. Haka nan muguwar manhajar WannaCry, wadda ta bazu a duniya a watan Mayun 2017, takan kulle fayiloli, ta kuma yi ƙoƙarin share tsofaffin zubin da Windows ya ɓoye.

6.0 Hanyoyin Magance Matsalar

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kashe tsarin gaba ɗaya ba magani ba ne, musamman a inda wuta ba ta da tabbas. Abin da ake bukata shi ne a yi masa linzami ta waɗannan matakai:

1. A auna kafin a share. Windows da macOS duk suna da shafin da ke nuna abin da ya cinye rumbu. Sau da yawa za a tarar fayiloli ƙalilan ne ke da alhakin mafi yawan cikar.

2. A sanya wa'adi. A File History ana iya zaɓar riƙe zubi na wata 1 ko 3 ko 6, ko na shekara, ko kuma har sai an bukaci wuri. Ana kuma iya rage yawan ɗauka daga kowace awa zuwa sau ɗaya a rana. A misalin kamfanin jima, zubi ɗaya a rana da wa'adin wata 3 zai ci megabayit 1,560 ne kawai, wato 26 × 3 × 20, a maimakon 49,920.

3. A bambanta fayiloli. Jadawalin albashi da takardun yarjejeniya sun cancanci dogon tarihi. Jakar bidiyo da ta abubuwan da aka sauke daga intanet sai a cire su daga cikin waɗanda ake bibiya.

4. A raba babban fayil. Jadawalin sito na shekara biyar a fayil ɗaya yana sa a riƙa kwafe lissafin bara da na bara waccan kowace awa. In an ware kowace shekara da fayil nata, na bana kaɗai ke canzawa.

5. A ware zubin ƙarshe. Dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 2020 ta wajabta adana littattafan lissafin kamfani na shekara 6. Saboda haka lissafin da aka rufe, da rasit, da duk takardar da ke zama hujja, sai a fitar da su a ba su suna bayyananne mai kwanan wata, a ajiye a inda sharar tsofaffin zubi ba za ta kai gare su ba.

6. A yi shara ta ƙofar da aka tanada. Kowace manhaja tana da umarnin share tsofaffin zubi. Shiga ɓoyayyiyar jaka a goge abin da ke ciki da hannu yana iya lalata tarihin duk fayilolin kwamfutar.

7. A tanadi ajiyar ko-ta-kwana. Ƙa'idar da masana suka saba bayarwa ita ce kwafi 3, a kan na'urori iri 2, kwafi 1 kuma a wani wuri dabam da ofis.

7.0 Abin da Ya Shafi Malami

Ofishin makaranta bai bambanta da na masana'anta ba a wannan fuska. Malami yana da tsarin darasi, da jadawalin makin ɗalibai, da tambayoyin jarrabawa, kuma galibi kwamfuta ɗaya ce malamai da yawa ke amfani da ita. Tarihin gyare-gyare yana da amfani a gare shi ƙwarai. Idan aka yi gardama a kan makin wani ɗalibi, tarihin jadawali a rumbun intanet zai nuna lokacin da aka canza makin da asusun da ya canza shi. A darasin insha'i kuma, malami na iya buɗe zubin farko da na ƙarshe na rubutun ɗalibi a gaban aji, domin a ga yadda aka gyara ƙa'idojin rubutu, kamar raba kalmomi da sanya ƙugiya a kan ɗ da ƙ da ɓ.

Sai dai wajibi ne malami ya kiyaye abubuwa biyu. Na farko, kada ya ba kowa izinin gyara takardar jarrabawa da ya taɓa rubuta amsoshi a cikinta, ko da ya goge su. Abin da ya dace shi ne ya fitar da sabon kwafi marar tarihi, kamar fayil ɗin PDF. Na biyu, a ƙarshen kowane zango ya ware sakamakon ƙarshe, ya adana shi a wuri biyu, sannan ya share tarin zubin da suka gama aiki. Yaran da zai koyar, wasunsu su ne akawu da akantoci na gobe a Bompai da Sharaɗa da Challawa, kuma ɗabi'ar da suka gani wurin malaminsu ita za su kai ofis.

8.0 Kammalawa

An ga cewa tarihin gyare-gyare ya samo asali ne daga bukatar komawa ga abin da aka goge, kuma girman fayil da yawan ɗauka da tsawon riƙewa su ne ke ƙayyade wurin da yake ci. Manomi ba ya zuba sabon hatsi a rumbu sai ya duba abin da ya rage na bara, ya ware iri, ya fitar da wanda ya lalace. Mai kwamfuta ma haka ya kamata ya yi: ya san zubin da zai riƙe kwana 30, da wanda zai riƙe shekara 6, da wanda ba shi da dalilin riƙewa ko na kwana ɗaya.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana ma'anar "zubi" da "rumbu" kamar yadda aka yi amfani da su a wannan babi. Kawo wasu kalmomin Hausa da za su iya maye gurbinsu, tare da hujja.

2. Wani fayil yana da megabayit 50, ana kuma kwafe shi sau 4 a rana, kwana 22 a wata. Wuri nawa tarihinsa zai ci a wata 6?

3. Mene ne bambancin tarihin gyare-gyare da ajiyar ko-ta-kwana?

4. Kawo amfani biyu da haɗari biyu na tarihin gyare-gyare ga malamin makaranta.

5. Tsara gajeren darasi na minti 40 ga 'yan ƙaramar sakandare a kan wannan batu, ta amfani da misalin allo da na rumbun hatsi.